Littafin Awo

A shagona, bayan rumfar masu goro a kasuwar Garwa,
akwai littafin da man keke ya ɓata wa bango.
Sunan Gaji 'yar Sali mai kifi
ya fito a cikinsa sau goma sha ɗaya.

Na fari rigar makaranta ce,
kafaɗa sha uku, tsawo har ƙwauri.
Ubanta ya cika kuɗin da bandar tarwaɗa,
ita ko ta tsaya tana bin lissafina da yatsa,
wai na ci shi sefa hamsin.
Na sake dubawa. Gaskiyarta.

Na huɗu, shekarar da ta ajiye alli
ta ce kujerar majalisa take nema.
Dattawan unguwa suka ce, yaushe kaza ta fara cara?
Ta ce ba cara ta zo yi ba, tono ta zo yi:
rijiya take so a ƙauyukan hayin Binuwai,
inda mace ke fita da asuba da tulu,
ta dawo hantsi ya dubi ludayi.
Turmi ashirin ta kawo, duk bashi.
Kwana tara fitilata ba ta huta ba,
na ɗinka wa masu tallar kifi da masu cirar auduga
har ƙafata ta kumbura a kan keke.
Ran ƙidayar ƙuri'a rediyona ba batir,
guɗa ce ta kawo mini labari.

Na bakwai ta waya ya zo, daga Yawunde.
Ta ce in yi mata aljihu, babba, ta ciki.
Na ce, na mene ne, Hajiya?
Ta ce koke-koken mutane,
in ta ba yaran ofis sai takarda ta yi ƙafa.
Da zancen aljihun ya zaga gari
aka taɓe baki, aka ce, to, ta fara.
Ni dai faɗinsa na sani da zurfinsa,
ban taɓa leƙa cikinsa ba.

Daga na goma littafin ya yi shiru.
An naɗa ta minista.
Shekara shida ina ganinta a talabijin ɗin mai shayi
cikin ɗinkin wani telan Duwala
da bai san kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka ba,
tun zamanin jakar littattafai.
Rijiyoyi kam an haƙa, na sha ruwan uku da bakina.
Famfon garin su matata damina biyu ya yi ya mutu,
yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsa.
Sau ɗaya jerin motocinta ya bi ta gabana, ana jiniya,
na ɗaga hannu da almakashi a ciki.
Gilashin baƙi ne. Ban san ko ta gani ba.

Sai wata Juma'a da la'asar aka karanto sunaye,
muka saurara har ƙarshe, nata babu.
Kafin sati zannuwan da ke ɗauke da fuskarta
sun koma majanyi da labulen kicin.

Jiya ɗan babur ya sauke ta.
Ta zauna a bencin da kowa ke zama,
ta jira na gama wandon wani yaro.
Ƙugu ya ragu da yatsa huɗu,
furfura na leƙowa ta gefen kallabi.
Na ce, aljihu fa?
Ta ce, sa shi.

Tana tsaye, hannuwa a buɗe, na zagaya da tef,
na ce, Hajiya, famfon nan na garin su Asabe.
Ba ta ce komai ba.
Keken maƙwabcina na ta sukuwa.
Na ce, saki numfashin,
in kin riƙe shi awon ba ya fita daidai.